Tarin Hamma ya kai kwana 47: ƙurar hatsi ce ko tibi?

Maman Walid, Bolari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, ku yi min afuwa idan saƙon ya yi tsawo. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana awo da ɗinkin buhu a kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe. Tun da kayan kaka suka fara shigowa ya soma tari. Muka ce ƙurar masara da wake ce, don kowace shekara yakan yi 'yan kwanaki yana yi ya wuce. Wannan karon ya ƙi wucewa. Matarsa ta ƙirga, yau kwana 47.

Abin da ya tayar min da hankali shi ne jiya da na je gaishe shi. Ya miƙo hannu zai karɓi kwano, sai na ga agogonsa ya zamo har kusan gwiwar hannu. Agogon da a da sai ya matse shi. Matarsa ta ja ni gefe ta ce duk sanyin nan na hunturu, da tsakar dare sai ya farka singiletinsa sharkaf da gumi, har matashin kai sai ta shanya. Da rana yana fita kasuwa lafiya lau, amma da la'asar ta yi sai jiki ya ɗau zafi. Tuwo kuwa loma uku ya ture.

Wani mai kemis ya yi masa allurar taifod sau biyu, ya sha kwalba uku ta maganin tari. Sai ya ɗan lafa kwana biyu ya dawo. Me ke damun Hamma?

Baban Ilham, direba:
Wa alaikumus salam. Maman Walid, ina karanta saƙonki tsigar jikina na tashi, don kamar labarina kike bayarwa. Kada ku ƙara kwana. Ku kai shi a gwada kakinsa. Ni haka na yi ta yi wata huɗu ina tuƙi tsakanin Gombe da Bauchi, ina cewa sanyin asuba ne ke kama min ƙirji, sai ranar da na tofar da kaki a bakin hanya wajen Alkaleri na ga jini a ciki. Tibi ne, wato tarin fuka. Na sha magani wata 6, yau shekara uku ke nan ko tarin mura ba ya daɗe min.

Alhajin Kumo:
Allah ya ba shi lafiya. Amma ni a ganina kada a yi saurin laƙaba wa bawan Allah wannan cuta. Mutumin da ke wuni cikin ƙurar hatsi dole ya yi tari. Ku jarraba zuma da habbatus sauda da citta da kanumfari na mako guda. Kuma mutum yana kasuwa yana samu, a ga yana ramewa haka kawai, a haɗa da addu'a, don ba kowa ke son ka da alheri ba.

Anti Nas, Pantami:
Maman Walid, sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ba zan ce miki tibi ne ba tunda ban gan shi ba, gwaji ne kaɗai zai faɗa. Amma abubuwa huɗun da muke tambayar duk wanda ya zo, duka huɗun kin lissafa su da bakinki: tarin da ya kai mako 2 ko ya wuce, zazzaɓin da ke zuwa yana tafiya musamman da yamma, gumin dare, da rama. Ko tarin kaɗai ya kai mako 2, ƙa'ida ita ce a gwada. Shi kuwa ya kusa mako 7.

Alhaji, da girmamawa, zuma tana sanyaya maƙogwaro, ba ni da ja a kan wannan, addu'a kuma kullum muna cikinta. Amma ƙura ba ta sa mutum gumi da tsakar dare a cikin hunturu, ba ta kuma sa agogo ya zame a hannu. Mako gudan da za a ƙara ana jarrabawa, mako guda ne da matarsa da yaransa za su ƙara shaƙar iskar ɗakin.

Alhajin Kumo:
To ai bai yi tarin jini ba. Mu abin da muka taso muka sani, mai tarin fuka jini yake tofarwa.

Anti Nas, Pantami:
Wannan fahimtar ce ke sa mutane su zo mana a makare, Alhaji. Da yawan masu cutar ba sa taɓa ganin jini har a gano ta. Wasu ma tarin busasshe ne da farko, daga baya kaki ya fara fita. Jini idan ya bayyana, sau da yawa cutar ta riga ta yi wa huhu rauni. Baban Ilham ga shi nan, sai da ya yi wata huɗu kafin ya ga jinin. A wata huɗun nan mutum nawa ya ɗauka a mota gilashi a rufe?

Baban Ilham, direba:
Wallahi Anti wannan tunanin har yau yana damuna. Da sanyi fasinja ba sa yarda a sauke gilashi. Allah ya yafe mana abin da muka yi cikin rashin sani.

Maman Sadiya, Tumfure:
Ni tambayata a kan sunan ce. Ɗana yana da fuka tun yana ƙarami, idan ta tashi sai ƙirjinsa ya riƙa kuka kamar kyanwa, a shaƙa masa abin fesawa ya dawo daidai. Yanzu na ji ana cewa tarin fuka yana yaɗuwa. Ke nan ƙannensa suna cikin haɗari?

Anti Nas, Pantami:
A'a Maman Sadiya, kwantar da hankalinki. Abin da kika siffanta asma ce. Hausa ce ta haɗa su a kalma ɗaya, shi ya sa a asibiti muka fi cewa tibi don kada a rikice. Asma hanyoyin iska ne ke tsukewa, tana tashi ta kwanta, ƙura ko hayaƙi ko sanyi ke tayar da ita, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Tibi kuwa ƙwayar cuta ce mai rai da ke shiga huhu ta zauna tana ci a hankali. Mai asma tsakanin tashi da tashi garau yake, yana cin abincinsa. Mai tibi kullum ƙasa yake yi.

Ɗalibin Kashere:
Bari in ɗan ƙara da abin da muka karanta. Sunan ƙwayar Mycobacterium tuberculosis, wani likitan Jamus, Robert Koch, ya sanar da gano ta ranar 24 ga Maris 1882, shi ya sa ake ranar tibi ta duniya a wannan rana kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu, kimanin miliyan 1.25 suka rasu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu ita. Abin da ya fi ba ni mamaki, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a duniya ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, amma garkuwar jiki ta danne ta. Irin wannan ba ya tari, ba ya yaɗa ta. Cikin 100 da ke ɗauke da ita haka, kamar 5 zuwa 10 ne za ta tashi musu a rayuwa, galibi idan jiki ya yi rauni.

Baffan Arawa:
To nan ne gizo ke saƙar. Duk mun san me ake nufi da jiki ya yi rauni. Shi ya sa mutane ke gudun gwajin nan. Da an ce tibi sai unguwa ta fara raɗa cewa ɗaya cutar ce. Ina da maƙwabci da aka fasa ba 'yarsa aure saboda an ga uban yana zuwa karɓar magani.

Anti Nas, Pantami:
Baffa, gaskiya ne masu cuta mai karya garkuwar jiki sun fi saurin kamuwa, kuma tibi ne ya fi kashe su, shi ya sa duk wanda aka samu da tibi ake ba shi shawarar ya yi wancan gwajin ma, a sirrance. Amma mafi yawan masu tibi a ƙasar nan ba su da ita. Ciwon suga yana raunana jiki. Rashin isasshen abinci yana yi, kuma kowa ya san yadda tsadar nan ta rage cin mutane. Taba da shisha suna yi. Tsufa yana yi. Masu aikin fasa dutse da haƙar ma'adinai, ƙurar dutsen tana lalata huhu ta buɗe wa tibi ƙofa. Sannan ko kai ƙato ne, idan kuna kwana ku takwas a ɗaki ɗaya taga a toshe da tsumma saboda sanyi, kuma akwai mai ita a cikinku, za ta iya kama ka.

Batun fasa aure kuwa ya ba ni takaici. Wanda ke zuwa karɓar magani ai shi ne wanda ba a tsoro. Bayan kamar mako 2 yana shan maganin da ya dace da ƙwayar, haɗarin ya yaɗa ta yana raguwa ƙwarai. Wanda ke zaune a majalisa yana tari wata uku bai je ko'ina ba, shi ne abin damuwa.

Goggon Jekadafari:
Jikata ce ke rubuta min. Ni a zamaninmu da aka ce mutum yana da wannan tari, sai a ware masa kwanonsa da moɗarsa da cokalinsa, a kai shi ɗakin ƙofar gida. Haka aka yi wa ƙanin mahaifina, yana can shi kaɗai har Allah ya karɓi abinsa. Ina yarinya ake aikena in ajiye masa kunu a bakin ƙofa in gudu. Har yau idan na tuna yadda yake kiran sunana in tsaya mu gaisa, sai hawaye ya zo min. Ku gaya min, ware kwanon nan yana da amfani?

Anti Nas, Pantami:
Allah ya jiƙansa, Goggo. Ware kwano ba ya hana komai, don ba ta bin kwano ko moɗa ko musabaha ko tufafi. Iska take bi. Idan mai ita ya yi tari ko atishawa ko ma magana, ƙananan ɗigo da ido ba ya gani suna tashi su yi sa'o'i suna yawo a ɗakin da ba iska. Abin da ke da amfani shi ne a buɗe taga, rana ta shiga, ya riƙa zama a tsakar gida ko ƙarƙashin bishiya, ya rufe baki da hanci idan zai yi tari, ya sa takunkumi a makonnin farko, kuma idan da hali ya kwana ɗaki daban da ƙananan yara na ɗan lokacin. Amma a zauna da shi a waje a yi hira, a ci abinci tare. Mai jinyar wata 6 yana bukatar mutane.

Hanya ɗaya da ke bin baki ita ce madarar saniya mai cutar idan ba a tafasa ba. Shanu suna da irin nasu tibin kuma yana kama mutum. Mu nan da nono da kindirmo ba sa yanke mana, a tabbata an dafa madarar kafin a kwantar.

Maman Walid, Bolari:
Na gode ƙwarai. Yanzu hankalina ya koma kan yaran. Suna da huɗu, ƙaramar shekararta biyu, kuma a ɗakin take kwana. Ba ta tari sosai, amma uwar ta ce ta daina wasa, kullum tana maƙale a bayanta.

Anti Nas, Pantami:
Ku tafi da ita. A yara alamun ba sa fitowa fili irin na manya. Abin da ake dubawa: yaro ya daina ƙiba ko yana raguwa a sikeli, zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya, ya yi lakwas ya daina wasa, ko kaluluwa ta fito a wuya, ba ta zafi, ta yi makonni ba ta baje ba. Ku ɗauki katin rigakafinta, layin nauyin da ke ciki yana gaya wa likita abubuwa da yawa. Yara ba su iya fitar da kaki ba, haɗiyewa suke yi, shi ya sa yanzu ana iya gwada bayan gidansu, a haɗa da hoton ƙirji.

Idan aka tabbatar uban na da ita, duk 'yan gidan za a duba. Wanda ba shi da alama, musamman 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su don kada ta tashi.

Maman Sadiya, Tumfure:
Ba allurar BCG da ake yi wa jarirai a kafaɗa ce rigakafin ba? Na ɗauka wanda aka yi wa ya tsira.

Anti Nas, Pantami:
Ita ce, kuma tana da muhimmanci, tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in, kamar wanda ke hawa ƙwaƙwalwa ya zo kamar sanƙarau. Amma ba ta hana babba kamuwa da na huhu. Tunda an zo nan, tibi ba a huhu kaɗai yake tsayawa ba. Yana kama ƙashin baya, mutum ya yi watanni da ciwon baya har doro ya fito ko ƙafafu su mutu. Yana kama ciki ya tara ruwa. Yana tara ruwa a gefen huhu, mutum ya riƙa jin suka a haƙarƙari idan ya ja numfashi. Irin waɗannan wani lokaci babu tari ko kaɗan, sai dai rama da zazzaɓi da gumin dare su tona shi.

Malam Mai Shago, Herwagana:
Ni fa maganar kyauta ce ban yarda da ita ba. Kullum a rediyo ana cewa gwaji kyauta, magani kyauta. Da na kai ƙanina wani asibiti sai da na yanki kati, na biya hoton ƙirji, na biya gwajin jini, ga kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa. Talaka ya ji kyauta ya je ya tarar da wannan, gobe ba zai koma ba.

Mai Gwaji, Nasarawo:
Malam, kukanka yana kan hanya, kuma ni da nake aiki a ɗakin gwaji ina ganin haka. Abin da yake kyauta a ƙarƙashin shirin tarayya na yaƙi da tibi da kuturta shi ne gwajin kaki da kuma maganin kansa, daga ƙwayar farko har ta ƙarshe. Kati da hoto da wasu gwaje-gwajen jini, a wurare da dama ana biya. Don haka idan kun je ku tambayi sashen DOTS kai tsaye, nan ne ake kula da masu tibi. Akwai shi a Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da asibitin Zambuk, da ƙananan asibitocin unguwa da dama, waɗanda ke karɓar kakin su aika inda na'ura take. Akwai kuma lambar 3340 da ake kira kyauta a tambayi wuri mafi kusa.

Na'urar sunanta GeneXpert. Cikin kamar awa 2 take gama aikinta, ko da yake layi da kai-kawo kan sa sakamako ya kai kwana ɗaya ko biyu. Ba gano ƙwayar kaɗai take yi ba, tana faɗa ko mai bijire wa rifampicin ce, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi.

Roƙona ɗaya, Maman Walid: a kawo kaki, ba yawu ba. Robobi da yawa da ake kawo mana yawu ne zalla, musamman daga mata, saboda kunyar kaki a gaban mutane. Ya kurkure baki da ruwa, ya fita waje inda ba kowa, ya ja dogon numfashi sau uku, ya tari daga can cikin ƙirji, ya tofa a robar ya rufe da kyau. Na sassafe ya fi. Kuma ya faɗa wa likita duk magungunan da aka ba shi a kemis, ya tafi da kwalayen ma. Akwai irin su ciprofloxacin da levofloxacin da ake yawan bayarwa da sunan taifod, suna ɗan danne ƙwayar tibi, mutum ya ji sauƙi na kwanaki, gano cutar ya yi jinkiri. Ina zargin lafawar da kika ce yana samu ke nan.

Alhajin Kumo:
To na ji bayani, kuma na karɓa. Ban san gumin dare alama ba ce. Akwai wani yaro mai yi min aiki a gona da ke wannan tarin tun damina, gobe in sha Allahu zan sa shi a mota da kaina.

Baban Ilham, direba:
Allah ya saka, Alhaji. Maman Walid, idan ya tabbata, ga abin da zan gaya wa Hamma a matsayin wanda ya sha. Wata 2 na farko magani huɗu ne a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, ana ba ka adadi daidai nauyinka, sannan wata 4 na magani biyu. Da safe nake sha kafin in karya. Jarrabawar tana zuwa ne wajen mako na shida: tari ya tsaya, abinci ya dawo, ka ji kamar ka ɗauki buhu. A nan wani abokina da muka fara tare ya ajiye nasa ya tafi ci-rani. Bayan wata bakwai ya dawo ba ya iya hawa matakala, aka ce tasa ta zama mai bijire wa magani. Ya sha wuya ba kaɗan ba kafin ya samu kansa. A samu mutum ɗaya a gidan da zai riƙa tsayawa a kansa kullum har ya haɗiye. Ni uwargidana ce ta riƙe katin, tana yin alama da biro kowace safiya.

Maman Walid, Bolari:
Salam. Ku yi haƙuri da shiruna kwana uku. Da ƙyar Hamma ya yarda, sai da Inna ta sa baki ta ce idan bai je ba ita za ta je ta zauna a rumfarsa. Mun kai kakin ranar Talata, jiya aka kira mu. Tibi ne, amma sun ce ba mai bijirewa ba ne. An auna shi kilo 51, mutumin da ya san kansa a 63. Ya fara magani yau da safe. Sai dai yanzu matarsa ta kira ni a firgice, wai fitsarinsa ya koma ja kamar an zuba manja. Jini ne?

Anti Nas, Pantami:
Alhamdu lillahi da aka gano. Ba jini ba ne, launin rifampicin ne, har gumi da hawaye yakan rina, kuma ba ya cutarwa. Kada ya daina. Abin da zai sa ku koma asibiti a ranar ba tare da jira ba: idanu su yi rawaya irin na shawara, amai ya ƙi tsayawa, ƙuraje su feso a jiki, ko ya ce ganinsa ya fara dishi-dishi. Idan tafin ƙafa na yi masa zafi ko jijjiga kamar ana tsira allura, ya faɗa, akwai bitamin B6 da ake bayarwa. A ƙara masa wake, ƙwai, gyaɗa, dafaffiyar madara, abin da ya samu dai. Yaran fa?

Maman Walid, Bolari:
An ce mu kawo su duka huɗun da uwarsu ranar Litinin da ƙarfe 8. An ba mu ƙaramar roba ta bayan gidan autar. Katin rigakafinta ne ba mu gani ba, muna ta bincike a cikin akwatin Inna. Tagar ɗakin da aka toshe da kwali tun farkon hunturu, ɗazu Walid ya hau kujera ya cire.